Goran Kaka: Tsofaffin Irin Shuka Da Ke Sulalewa A Ƙasar Makoɗa

Idan kaka ta kama a ƙasar Makoɗa, an ɗaure dammunan gero an jera a rumbu, an ɗora harawa a kan rassan itatuwa da rufin ɗakuna don kada awaki su kai gare ta, akwai wani ɗan aiki da ake yi a cikin gida wanda baƙo ba ya lura da shi. Tsohuwar gidan za ta baje tabarma a inuwa, ta zuba wake a faifai, ta yi ta tsinta ƙwaya-ƙwaya. Wadda ta motse ta ture gefe, wadda ƙwaro ya huda ta ture gefe, har sai ƙosassu kaɗai suka rage. Sai ta shanya su su bushe ƙamas, ta cakuɗa da toka, wata ta ƙara da busasshen barkono ko ganyen darbejiya, ta ɗura a gora ko tsohuwar kwalba, ta toshe bakin da tsumma, ta rataye a ƙuryar ɗaki. Wannan wake ba ya shiga tukunya. Ko bazara ta yi tsanani, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ba a taɓa shi sai in an kai maƙura. Iri ne.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan gora labarin wani fure ne da ba na ƙasarmu ba.

A can Turai akwai mutanen da suke kashe lokacinsu da kuɗinsu wajen tara nau'o'in wani fure da ake kira nastashiyam, wanda masana tsirrai ke kiran danginsa Tropaeolum. Asalinsa Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, musamman tsaunukan Andis, kuma danginsa sun kai wajen 80. Ganyensa zagayayye ne, furensa ja ko ruwan goro ko ruwan ɗorawa, ana cin ganyen da furen, suna da ɗan yaji a baki. Sifaniyawa ne suka fara kai ƙaramin nau'insa Turai a ƙarni na 16, babban kuma ya isa Holan daga Peru a shekarun 1680. Da Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya zo raɗa masa suna a 1753, sai ya ga ganyen kamar garkuwa, furen kamar kwalkwalin mayaƙi da jini ya ɓata, ya ciro masa suna daga kalmar da ke nufin kayan yaƙin abokan gaba da ake ratayewa bayan nasara.

Wanda kowa ya sani, irinsa na nan a kantuna, yaro ma zai shuka ya fito. Masu tarawa ba shi ne a gabansu ba. Suna bin mai shuɗin fure da aka kwaso daga ƙasar Chile a shekarun 1840, wanda ke tsirowa daga 'yar saiwa kamar rizga. Suna bin mai launi uku a fure guda. Akwai kuma wanda ya fi tsaya mini a rai, ana ce masa Hermine Grashoff. Furensa ninki-ninki ne, ba ya yin 'ya'ya, don haka ba shi da irin da za a ɗura a kwalba. Tun ƙarni na 19 hanyar rayuwarsa guda ce: wani ya karyo reshe ya dasa, ya tsare shi daga sanyin hunturu, ya miƙa wa wani. Da za a yi shekara guda kowa ya yi sakaci, da ya ƙare a duniya. A Birtaniya har ƙungiya aka kafa a 1978, wadda yanzu ake kira Plant Heritage, tana rajistar mutanen da suka ɗauki amanar tsare dangin wata shuka a lambunsu don kada ta ɓace. A ƙasar asalin nastashiyam kuwa abinci ne ma. Manoman kan tsaunukan Peru da Boliviya suna noma wani ɗan uwansa mai suna mashuwa saboda saiwarsa, kuma akasarin nau'o'insa ba sa sa saiwa sai yini ya fara gajarta. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Nastashiyam ba shukar Makoɗa ba ce, zafin bazararmu ba zai ƙyale shi ba. Amma da na karanta yadda ake girmama masu tara shi, ana rubuta sunayensu, ana zuwa kallon lambunansu, sai na tuna cewa mu ma muna da masu irin wannan aiki a kowane ƙauye. Bambancin shi ne ba wanda ya taɓa rubuta sunansu, kuma abin da suke tsarewa shi ne abin da ake ci a rayu.

Ƙasar da ba ta hutu

Makoɗa ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Kano, maƙwabciyar Ɗambatta, hedikwatarta Koguna. A ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 220,000 a filin da bai kai murabba'in kilomita 450 ba. Duk wanda ya ratsa ta Koguna ko Maitsidau ko Kadandani ko Satame da damina zai ga ma'anar wannan lissafi da idonsa: gona na manne da gona, ba daji, ba saura. Ƙasar jigawa ce mai yashi, damina kuma gajeriya, daga wajen Yuni zuwa Satumba.

Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya da ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan karkara mai cunkoso da ta kewaye birnin Kano tun shekarun 1960. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu ta ƙi mutuwa. Amsar da ya samu manomi ya riga ya san ta. Wake da gyaɗa su ba da harawa, tumaki da awaki su ci a turke, takinsu ya taru a gida, jaki ya kwashe a mangala ya mayar gona kafin ruwa ya sauka. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya kuma suna nan tsaye a tsakiyar gonaki, ba a sare su ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan zagaye ya rataya ne a kan irin shukar da kakanni suka zaɓa musamman dominsa. Kanannaɗo ya isa misali.

Kanannaɗo wake ne fari, mai manyan ƙwaya, kwansonsa a nannaɗe, daga nan ya samo sunansa. Ba a shuka shi da ruwan farko. Sai gero ya tashi an yi masa noman firi, sannan a bi tsakanin layuka a jefa shi. Zai fito a inuwar gero ya zauna, yana yaɗo a hankali, ba ya gaggawa, ba ya gasa da hatsi. Ranar da aka yanke gero rana ta sauko masa, sai ya buɗe ya rufe gonar da ganye. Kuma ba ya fure don ya cika kwana kaza da shuka. Yana jira ne sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina, ko an shuka shi da wuri ko an makara. Dabi'ar mashuwan can na tsaunukan Andis ke nan, ga ta a jigawar Kano. Wannan jira shi ne hikimarsa: ba ya sa fure a tsakiyar marka lokacin da ruwa da ƙwari za su lalata shi, yana nuna ne da sauran damshin ƙasa da raɓar farkon hunturu, ƙwayarsa ta bushe tsaf cikin iska mai sanyi. Mai gona ya yi roro ya samu wake mai tsada a kasuwa, ya kuma ɗaure harawar da za ta riƙe masa dabbobi har bazara. Wanda ya auna Kanannaɗo da buhun ƙwaya kaɗai zai ce ba ya da yabanya. Wanda ke da tumaki biyar a turke ya san rabin amfaninsa a ganye yake.

Ɗan Ila ya fi shi saurin nuna, kuma an san shi da jure ƙishi. Akwai Ɗan Wuri, sunansa ya faɗi aikinsa: shi ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Akwai Aloka mai ƙananan ƙwaya, akwai jan wake iri-iri. Sunayen ma kan sauya daga gari zuwa gari, iri guda ya amsa suna biyu, ko suna guda ya rufe iri uku. Manomi mai hankali ba ya zuba dukkan gonarsa da guda ɗaya. In damina ta yanke da wuri, mai saurin nuna ya cece shi. In ta yi tsawo, mai jinkiri ya cika masa ɗaki.

Haka abin yake a hatsi. Gero mai nuna cikin wata uku daban, maiwa mai jiran ƙarshen damina daban, Zango mai doguwar zangarniya daban. A dawa akwai Ƙaura mai ruwan ɗorawa, akwai Farafara da matan gida ke so don farin tuwo, akwai takanda da yara ke sha kamar rake. Shi mai gida ba ya ɗibar irin hatsi daga abin da aka sussuka. Tun a gona yake zagayawa ya zaɓi zangarniyar da ta cika ta yi nauyi, ya ɗaure ta daban, ya sa a can ƙasan rumbu ko ya rataye inda hayaƙi ke bugunta. Wannan zaɓe da ake maimaitawa kowace kaka, ɗaruruwan shekaru, shi ya ƙera waɗannan iri har suka dace da wannan ƙasa da wannan ruwa.

Sai ɓangaren mata, wanda a ganina shi ya fi yawan nau'i kuma shi ya fi saurin zubewa. Yakuwa fara da ja, ta miya da ta zoɓo da wadda ake daddawar batso da 'ya'yanta. Rama, karkashi, lalo, gauta, gurji, kuɓewa mai gajeren jiki da mai dogon ƙaho. Waɗannan a bayan ɗaki ake shuka su, ko a gefen gona, ko a jikin danga. Ba kasafai malamin gona ke raba irinsu ba. Hannu da hannu suke tafiya, daga uwa zuwa 'ya, daga maƙwabciya zuwa maƙwabciya, domin a karkara roƙon iri ba abin kunya ba ne. Duma kaɗai ya isa a yi masa littafi: na ƙwarya, na masaki, na ludayi mai dogon wuya, na gora, na jallo, da siririn nan dogo da ake shantu da shi. Duma kuwa ƙwari ne ke kai masa ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, in aka shuka nau'i biyu kusa da juna sai siffar ta rikice a shekara mai zuwa. Wadda ta riƙe irin ludayi tsantsa shekara talatin ta san abin da take yi. Yau roba ta cika kasuwa, ƙwarya ta koma ta fura da ta biki. Duk siffar duman da aka daina buƙata, shekara kaɗan ne irinta zai bi ta.

Akwai waɗanda sun riga sun yi nisa a wannan hanya. Karan dafi, dawar nan da ba don ƙwaya ake noma ta ba sai don jan launin da ke jikin karanta, da ita dukawa ke rina jar fatar da fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Baba, wanda marinar Kano ta rayu a kansa, ya koma kaɗan a gonaki tun da rini na kanti ya shigo. Har wani wake aka taɓa nomawa a arewacin Nijeriya da Nijar saboda zaren da ake samu a dogon sandan furensa. Ka tambayi saurayi ɗan shekara ashirin a yau ko ya taɓa jin labarinsa.

Abin da masana suka tarar a gonar talaka

Kada a ɗauka ina faɗa da sabon iri. Ko kusa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata, kuma wani kaso na wannan albarka daga binciken masana ya fito. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda tushenta ya koma 1922, da cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 ta kuma buɗe reshe a Kano, sun fitar da wake mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70, da mai jure ƙwari, da wanda ake nomawa da rani a fadama. Dakta B. B. Singh, ɗan Indiya da ya jagoranci aikin wake a reshen Kano shekara da shekaru, ya yi gwaje-gwajensa a Minjibir da gonakin manoma a Bichi, duk maƙwabtan Makoɗa. Geron Sosat, da aka saki a Nijeriya a 2000, ya shiga gonaki da yawa saboda saurinsa da nauyin ƙwayarsa. A ƙarshen 2019 kuma Samaru ta saki waken SAMPEA 20-T mai kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanso, wanda har yau ake muhawara a kansa saboda an sauya masa ƙwayar halitta.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne inda masanan ke samo kayan aikinsu. Mai ƙirƙirar iri ba ya halitta, aure yake ɗaurawa tsakanin iri biyu da suke akwai, ya zaɓi nagari cikin 'ya'yansu. A shekarun 1990, a Kano, an shuka nau'o'in wake a akwatunan katako, aka bari suka tsiro, sannan aka yanke musu ruwa don a ga wanda zai daɗe. Ɗan Ila da Kanannaɗo suna cikin waɗanda suka ba da mamaki. An ga suna janye ruwa daga ganyayen ƙasa su tura wa kan tsiron, ƙananan ganye su bushe, kai ya zauna da rai, in ruwa ya dawo su ci gaba. Wannan hali ba a ɗakin bincike aka saka musu shi ba. Fari bayan fari ne ya tace su a gonakin talakawa, manomi kuma ya adana abin da ya tsira. Ana kuma amfani da su a matsayin iyaye wajen haɗa sababbin iri.

Ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse saiwar wake har ya ƙanƙance ya mutu, ta addabi ƙasar yashi irin ta Makoɗa. Maganinta daga ina ya fito? Daga wani waken gargajiya na manoman Botsuwana, wanda masana suka yi wa lamba B301. Shi aka aura wa wasu har aka samu SAMPEA 10 da aka saki a 2008, wanda ƙuduji ba ya kama shi. Da manoman Botsuwana sun watsar da wannan wake tun kafin a gano shi, da manomin Kano na nan yana kallon gonarsa tana ƙonewa.

Dattawa ba su manta 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa, bayan farin 1973 ya riga ya karya manoma. Dalar gyaɗar Kano ba ta sake miƙewa kamar da ba. Irin gyaɗar da ke jure wannan cuta, wanda aka gina sababbin nau'o'i a kansa, an samo shi ne tun shekarun 1950 cikin gyaɗar gargajiya ta ƙauyukan kan iyakar Barkina Faso da Kwaddebuwa. Ba wanda ya san cutar da za ta zo nan da shekara ashirin, ba kuma wanda ya san a goran wace tsohuwa maganinta yake rataye.

Yadda iri ke mutuwa

Iri ba ya mutuwa da ƙara. Ba a yi masa jana'iza, ba a zaman makoki. Wata shekara ce kawai za a neme shi a rasa.

Wani lokaci yunwa ce ke cinye shi. Bazara ta yi tsawo, yara na kuka, a buɗe gorar a dafa, da niyyar in ruwa ya sauka a sayo a kasuwa. Abin da za a sayo a kasuwa kuwa gauraye ne, ba a san asalinsa ba. Wani lokaci damina ce: a yi binne, ruwa ya zo kaɗan ya tsirar da shuka ya ɗauke, a sake shuka, ya sake ɗaukewa, irin ya ƙare a ƙasa. Bayan farin 1973 da na 1984 manoma da yawa a arewacin Kano sun karkata ga mai saurin nuna, kuma ba wanda zai zarge su. Mai jinkiri irin su Kanannaɗo da maiwa yana da wata matsalar: lokacin da yake nuna an riga an girbe sauran amfani, dabbobi sun fara shiga gonaki, mai shi sai ya yi gadi ko ya yi asara. Ga gado na ta yanka gonaki, filin da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne a kansa, kowa na neman abin da zai kawo kuɗi da wuri, riɗi ko waken suya. Ga kasuwar Dawanau, inda mai saye da tirela ke son ƙwaya iri ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji Bahaushe, a wurin dillali kuwa ƙwaya mai dabbare-dabbare cikin farin wake ragin farashi ce.

Amma babbar hanyar da iri ke bi ya tafi ita ce mutuwar mai shi. Tsohuwa ta rasu, a share ɗakinta, a tarar da ƙulle-ƙulle a tsumma da kwalabe ba rubutu. Ba wanda ya san wannan na miya ne ko na zoɓo, wancan ana shuka shi da ruwan farko ne ko bayan firi. A watsa wa kaji. Na ga an yi haka a gidan da na sani, kuma har yau ina jin ciwonsa, domin a ranar ba iri kaɗai aka zubar ba, har da sanin da ke tafe da shi.

Akwai kuma ruɗani game da irin aure na kamfani da ya kamata a warware. Masu noman rani a bakin madatsar Tomas sun san irin tumatir da ake saya a gwangwani ko 'yar leda da tsada. Shekarar farko zai yi abin mamaki. In ka matse 'ya'yansa ka shuka, sai su fito barkatai, wani dogo wani gajere, domin halayen iyayen da aka haɗa sun rabu. Dole ka koma kanti kowace shekara. Wake ba haka yake ba, furensa kansa yake yi wa barbara, shi ya sa Ɗan Ila zai zauna Ɗan Ila shekara da shekaru, haka ma waken Samaru in an tsince shi da kyau. Gero kuwa iska ce ke ɗaukar masa ƙurar fure, yana cakuɗuwa da na gonar maƙwabci, har da na daji, abin da ke haifar da shibra mai kakkaɓe ƙwayarta tun kafin girbi. Saboda haka tsare tsohon gero aikin unguwa ne gaba ɗaya, mutum ɗaya ba zai iya ba.

Ɗakin sanyi da ɗakin kaka

Za a ce ai an adana su. Gaskiya ne, an adana wasu. Rumbun iri na IITA a Ibadan na riƙe da nau'in wake fiye da 15,000 daga ƙasashe fiye da 80, babu kamarsa a duniya. Nijeriya na da nata rumbun na ƙasa, NACGRAB, shi ma a Ibadan, tun 1987. Cibiyar ICRISAT na da na gero da dawa da gyaɗa a Sadore kusa da Yamai. A 2008 aka buɗe babban rumbun duniya a cikin dutsen ƙanƙara na tsibiran Svalbard a ƙasar Norwe, kuma waken da aka aika daga Ibadan na cikin kayan farko da suka shiga. Amfaninsa ya bayyana a 2015, bayan da yaƙin Siriya ya raba masana da rumbunsu na Halab, suka je can suka karɓo kwafin irinsu suka sake shukawa a Labanan da Maroko.

Wannan aiki ne babba, Allah ya saka wa masu yin sa. Sai dai irin da ke kwance a ɗakin sanyi ya tsaya ne a ranar da aka ɗauke shi. Wanda ke gona kuwa kowace damina yana karo da sabon zafi da sabon ƙwaro, mai gona yana zaɓen wanda ya tsira. Kuma takardar da ke jikin ledar Ibadan ba za ta gaya maka wannan waken ya fi kumbura a ƙosai ba, ko wancan harawarsa ce tumaki suka fi so. Manomin Satame da ya rasa irin kakansa ba shi da hanyar zuwa Ibadan, balle Norwe. Abin da zai amfane shi rumbu ne da zai je da ƙafa.

Kuma abin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako na nan Ɗambatta, a bakin ƙofar Makoɗa. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa na Jami'ar Bayero na Kano, ga malaman gona na KNARDA da suka san kowane ƙauye. Da za a tura ɗalibai kowace kaka su bi mazaɓu goma sha ɗaya na Makoɗa gida-gida, ɗalibai mata su shiga wurin tsofaffi mata, su karɓi tafin hannu guda na kowane iri, su rubuta sunansa yadda mai shi ta faɗa, da lokacin shukarsa, da abin da ake yi da shi, da sunan wadda ta bayar, da cikin shekara uku an tara abin da zai ba kowa mamaki. A ware kadada guda a riƙa sabunta su, domin wake a ɗakin da ba sanyi ba ya wuce 'yan shekaru ƙarfin tsirarsa ya ragu. Wanda ya zo ya karɓi mudu, in ya girbe ya mayar da mudu biyu. Hakimi da dagatai su sa rana guda bayan girbi, kowa ya fito da irin gidansu a baje a faifai, a yi musaya, a karrama wadda ta fi kowa yawan nau'i a gaban jama'a kamar yadda ake karrama sarkin noma. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da sabuwar cuta ta sauka ba ranar fara neman tsohon iri ba ce.

Wajen ajiya ma an samu sauƙi. Buhun nan mai leda biyu a ciki, da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko kwalba mai murfi mai kyau ma haka take yi in an cika ta da busasshen iri an rufe gam. Wannan ya fi fiya-fiya da wasu ke zubawa, wadda ke cutar da mai ci, wadda kuma saboda irinta Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Kafin shuka kuma a ƙirga ƙwaya ashirin a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana huɗu ko biyar. In akasarinsu sun tsiro, irin na da rai. In kaɗan ne, a shuka shi a bana ko ta halin ƙaƙa, kada a jira baɗi.

Kai da ka taso a Makoɗa ko Ɗambatta ko Bichi, kake birni kana karanta wannan, in ka je gida a kakar bana ka shiga ɗakin Inna ko Goggo ka gaishe ta, ka tambaye ta abin da ke cikin gorar nan da ƙullin tsumman nan. Ka zauna ta faɗa maka sunan kowanne, da wurin wanda ta samo shi, da lokacin da ake jefa shi a ƙasa. Ka rubuta a takarda ka liƙa a jikin kwalbar, ka roƙe ta tafin hannu guda, ka ba wanda ke noma gonar gidanku ya ware masa layi biyu a damina mai zuwa.